Jony Ive, mai tsara surar iPhone

An haifi Sir Jonathan Ive, wanda aka fi sani da Jony Ive, ranar 27 ga Fabrairun 1967 a Chingford da ke birnin Landan. Mahaifinsa maƙerin azurfa ne kuma malami. Ya karanci fannin tsara surar kayan masana'antu a Newcastle, ya yi aiki da kamfanin Tangerine, sannan ya koma Apple a Amurka a 1992.

Kamfanin yana cikin mawuyacin hali lokacin da Steve Jobs ya sake karɓar ragamarsa a 1997. Kwamfutar iMac mai launi, wadda Ive ya tsara ta kuma fito a 1998, ita ce ta fara farfaɗo da shi. Sai iPod a 2001, iPhone a 2007, da iPad a 2010.

Salonsa shi ne rage maɓallai da sirantar da na'ura. Hakan ya burge masu saye, amma ya jawo ƙorafin masu gyara, domin buɗe na'urar ko sauya batirinta ya zama aiki ja.

Ya bar Apple a 2019, ya kafa kamfanin LoveFrom.