Daga Kundin NTI Zuwa Moodle: Tarihin Ajin Da Ba Shi Da Bango

Kawuna malamin firamare ne a Ɗanzomo, kuma ya samu takardar NCE ba tare da ya bar ajinsa ba. Na taso ina ganin kundayen NTI jibge a kan akwatinsa. Ya kan karanta su da fitilar ƙwai bayan isha'i, ranar Asabar kuma ya hau keke ya tafi cibiyar karatu. Sai da na fara aikin girka manhajojin karatu ta intanet na gane cewa abin da nake yi yau jikan waɗancan kundaye ne.

An kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, wato NTI, a Kaduna a 1976, shekarar da aka fara shirin ilimin firamare kyauta na UPE. Yara sun cika makarantu, ƙwararrun malamai sun yi ƙaranci, kuma ba zai yiwu a kwashe waɗanda ke aji a mayar da su kwaleji ba. Dabarar ita ce a kai musu karatun inda suke. A 1983 Shugaba Shehu Shagari ya sa hannu a dokar kafa jami'ar karatu daga gida, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, sai zamanin Obasanjo aka farfaɗo da ita a matsayin NOUN. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Kano ya shugabance ta daga 2016 zuwa 2021.

Ita kuwa manhajar da ta ɗauke wa kundi wannan aiki, daga Ostareliya ta fito. Martin Dougiamas ya taso ne a hamadar yammacin ƙasar, nesa ƙwarai da makaranta. Ta rediyo yake jin malaminsa, jirgin sama kuma ke kawo masa takardun darasi. Da ya girma ya yi aiki a Jami'ar Curtin yana kula da wata manhajar kuɗi mai suna WebCT, wadda ba a ba shi damar gyara ta ba. Hakan ya sa ya rubuta tasa, Moodle, ya sake ta kyauta a Agustan 2002, kowa na iya ɗauka ya gyara. A cikinta malami ke ajiye darasi, ya karɓi aikin gida, ya yi jarrabawa, ya fitar da maki. Shekara guda bayan haka Matt Mullenweg da Mike Little suka fitar da WordPress, wadda ta sa wanda bai san yaren kwamfuta ba ya iya buɗe shafi ya wallafa rubutunsa.

A waɗannan shekarun Jigawa ma ba ta yi barci ba. Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, wanda ya yi mulki daga 1999 zuwa 2007, ya kafa makarantar koyon kwamfuta a Kazaure, ya kuma zuba kuɗi a harkar intanet. Amma da korona ta sa aka rufe makarantu a Maris na 2020, rediyo ne ya kai darasi ƙauyuka da yawa na Arewa, kamar dai yadda ya kai wa Dougiamas yana yaro.

Na taɓa girka wa wata makaranta Moodle, muka cika ta da bidiyo masu nauyi. Ɗalibai daga Gagarawa da Maigatari suka riƙa kira cewa datarsu ta ƙare kafin darasi ya kai rabi. Laifin namu ne. Manhajar Moodle ta waya tana bari a sauke darasi inda akwai sabis a karanta a gida, amma mu da ke zaune a birni ba mu ma yi tunanin haka ba. Muka koma ga gajeren rubutu da muryar malami, ƙorafin ya ragu.

Waɗanda suka tsara kundin NTI sun san mai karatunsu ba shi da lantarki, suka yi masa abin da zai iya ɗauka a jaka. Shi ya sa yanzu kafin na ɗora kowane darasi, nakan gwada shi a tsohuwar waya mai ƙaramin sabis, in tambayi kaina ko zai buɗe wa malami a Ɗanzomo.