Kisan Tsafi: Matsin da ke Jefa Matasa Cikin Halaka

Kisan tsafi shi ne hallaka mutum a cire wani sashe na jikinsa, kamar ido ko kai ko al'aura, a kai wa boka da zummar samun dukiya ko mulki ko maganin ƙarfe. A Musulunci shirka ce haɗe da kisan kai, sashe na 221 na dokar Final Kod ta Arewa kuma ya tanadi hukuncin kisa ga mai kisan ganganci.

Al'amarin ya daɗe a Nijeriya. A 1996 tarzoma ta ɓarke a Owerri bayan kisan wani yaro mai talla a otal ɗin Otokoto. A Janairun 2022 'yan sanda sun kama wasu samari a Abeokuta bisa kashe wata budurwa, aka ruwaito cewa a Facebook suka samo hanyar tsafin. A watan ne kuma aka gabatar da wasu a Gusau bisa zargin cinikin sassan jikin mutum. A Fabrairun shekarar Majalisar Wakilai ta nemi a ayyana dokar ta-ɓaci kan lamarin.

Matsi na farko shi ne talauci. Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya sanya Sakkwato kan gaba, da kusan kashi 91 cikin ɗari na jama'arta cikin talauci mai fuskoki da yawa. Na biyu shi ne girmama mai kuɗi ba tare da tambayar inda ya samo su ba. Na uku nauyin aure ne, daga lefe zuwa hidimar biki, ga gorin tsara. Na huɗu kuwa bokaye ne da mugayen abokai, masu nuna wa yaro cewa akwai gajeriyar hanya.

A Wurno da Rabah da Goronyo, inda noman shinkafa da albasa a fadamu ke riƙe da gidaje, wannan kwaɗayi ya fi bayyana ta fuskar fashin daji. Harin Tabanni a Rabah cikin Yulin 2018, da na kasuwar Goronyo a Oktoban 2021 wanda ya ci rai fiye da 40, sun raba mutane da gonaki da kasuwanni. Matashin da ya rasa gona shi ne wanda ake saye da 'yan kuɗi ya zama ɗan rahoton 'yan bindiga, ko a ruɗe shi da laya da guru.

A 2024 hukumar tace fina-finai ta ƙasa ta hana ƙawata tsafin kuɗi a fim. Amma babban shinge yana gida: uban da ɗansa ya shigo da babur ko waya mai tsada alhali ba ya da sana'a, wajibinsa ne ya tambaye shi tushensu kafin ya sa albarka.