Zakin Afirka ta Yamma da Danginsa: Waiwaye a Kan Tarihin Raguwarsu

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san zaki tun kafin ya san karatu. Ya ji shi a tatsuniya yana yanke shari'a tsakanin namun daji, ya ji fadawa suna gaishe da sarki da sunansa, har Turawan mulki ma "Zaki" aka riƙa ce musu. Amma da za mu tambayi mahalarta wannan taro ko mutum nawa ne suka taɓa jin rurinsa a dawa, da wuya a sami biyu. Manufarmu a wannan ƙasida ita ce mu nuna cewa abin da ya fi cin zaki a tarihi shi ne rashin daji da rashin abinci. Bindiga da guba ƙarasa shi kawai suke yi.

Masana sun tabbatar, a rabe-raben da suka yi a 2017, cewa zakin Afirka ta Yamma ya fi kusa da na Magrib da na Indiya a jini fiye da na Kenya ko Afirka ta Kudu. Saboda haka tilas mu dubi abin da ya sami danginsa guda biyun nan.

Na Magrib shi ya fara shan wuya. Rumawa sun daɗe suna kwasarsa zuwa filayen wasanninsu, marubucinsu Pliny ya ce Pompey shi kaɗai ya fitar da zakoki 600 a wasannin shekara ta 55 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.). Duk da haka zakin ya yi saura a duwatsun Atlas har kusan shekara dubu biyu, domin dajin yana nan. Sai da Faransa ta shiga Aljeriya a 1830, aka sare kurmi, aka faɗaɗa gonaki, aka sa lada a kan kowane zaki da aka kashe, sannan ƙarshensa ya zo. A 1942 aka harbe wata zakanya a mashigar Tizi n'Tichka ta Maroko, ɗaya daga cikin na ƙarshe da aka sani. Yau babu shi a dawa.

Na Indiya kuwa ya kusa bin sahu. A farkon ƙarni na 20 bai rage ko'ina ba sai a dajin Gir na Gujarat, inda Nawab na Junagadh ya hana farautarsa. An keɓe dajin a 1965, kuma daga 1972 aka shiga tayar da iyalan makiyaya Maldhari da yawa daga cikinsa. Da shanu suka ragu, sai namun dajin da zaki ke ci suka yawaita. Ƙidayar 1974 ta sami 180, ta 2025 kuwa 891. Lalle wannan nasara ce, sai dai bai kamata mu manta da cewa makiyayin da aka raba da makiyayarsa shi ya biya kuɗinta ba.

To, ina namu? Annobar bushiya ta wajen 1890 ba shanu kaɗai ta kashe ba, har da ɓauna. Bayan jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, noman gyaɗa ya ci dazuzzukan da a dā suke tsakanin gari da gari. Zakin da ya rasa gwanki da ɓauna ya koma kan garke, makiyayi kuwa ya sa wa mushe guba. Ba ma ganin laifin mai garken shi kaɗai, tun da shi ma gona ce ta toshe masa burtali. An keɓe dajin W na Nijar a 1954, Yankari a 1956, amma tsibirai ne a tsakiyar gonaki.

Binciken da Philipp Henschel da abokan aikinsa suka buga a 2014 ya duba gandun daji 21, bai sami zaki ba sai a huɗu: Niokolo-Koba a Senegal, W-Arly-Pendjari da ya haɗa Nijar da Benin da Burkina Faso, Kainji, da Yankari. Jimillarsu wajen 400 ce, kuma na Nijeriya duka ba su kai 50 ba. Mafi yawansu suna W-Arly-Pendjari, watau dajin da masu ɗauke da makamai suka kutsa cikinsa a shekarun da suka biyo baya, har masu gadi suka janye daga sassa da dama.