Lakar birnin Ur da gardamarmu a shago

Jiya a shagon babanmu nan Sabo, Ibadan, gardama ta kaure tsakanina da wani abokina. Ya dage wai Turawa sun riga sun tono shaidar ruwan Ɗufana a ƙasar Iraƙi, don haka magana ta ƙare.

Na san labarin da yake nufi. A 1929 wani Baturen Ingila, Leonard Woolley, yana haƙa a kufan birnin Ur sai ya ci karo da laka zalla mai kaurin kusan mita 3. A ƙarƙashinta ga fasassun tukwanen mutanen farko, a samanta ga na waɗanda suka zauna daga baya. Nan take ya shelanta wa duniya cewa ya gano Ɗufana.

To amma a Ur ɗin kanta akwai ramukan da ba a ga lakar ba. Eridu da ke kusa ma babu. A Kish da Shuruppak an samu, sai dai ta wani zamani ce daban, da ɗaruruwan shekaru a tsakani. Ashe kogin Furat ne ke cika yana cin gari jefi-jefi, kamar yadda Ogunpa ya yi wa garin nan a 1980.

Na ce masa ni labarin Annabi Nuhu (AS) daga Alƙur'ani na karɓe shi, ba daga ramin Woolley ba. In ka jingina imaninka da laka, ranar da wani ya sake auna ta fa? Ya ce boko ya yi mini yawa. Baba dai ya ce mu tashi, motar goro ta iso.