Burtu da Hancin Barewa

Maharbin ƙasar Hausa na dā bai nemi jawo barewa da wani wari ba. Ɓoye warin jikinsa shi ne rabin sana'ar. Kafin ya doshi garke sai ya saki ƙura daga hannunsa ya ga inda iska ta nufa, sa'an nan ya kewayo ta inda za ta riƙa bugunsa a fuska.

Idon dabba kuwa da burtu ake yaudararsa. Burtu baƙin tsuntsu ne babba mai kiwo a ƙasa, namun dawa sun saba da shi, ba sa gudunsa. Sai maharba suka sassaƙa kansa da dogon wuyansa da itace, suka naɗe da fata, wani lokaci har da adon idon zakara. Maharbi ya ɗaura shi a goshi, ya lulluɓa baƙin zane, ya yi ta rarrafe yana kaɗa kai kamar mai tsattsaga, har kibiyarsa mai dafin kwankwani ta iya kaiwa. Aiki ne na haƙuri da ciwon gwiwa.

Mafarautan Amurka ta hanci suka bi. Sukan zuba fitsarin macen barewarsu domin namiji ya biyo warin. Daga baya aka ji tsoron fitsarin kan yaɗa wata cutar ƙwaƙwalwa mai ramar da dabba har ta mutu, saboda haka jihar Bajiniya ta haramta amfani da shi a 2015.