Zogale da ciwon sukari

Zogale bishiya ce mai saurin girma da jure fari, wadda masana kimiyya ke kira Moringa oleifera. Asalinta arewacin Indiya ne, amma ta daɗe da zama 'yar gida a ƙasar Hausa. A ƙauyukan Birnin Kudu da Gwaram, kamar Unguwar Ya, ana shuka ta a bayan gida da gefen lambu. Mata kan dafa ganyen, su matse ruwan, su kwaɗa shi da ƙuli-ƙuli, albasa da barkono. Wasu kuma shanya shi suke yi a inuwa, su daka, su riƙa barbaɗa garin a kunu ko miya.

Ganyen na ɗauke da furotin, sinadarin ƙarfe, kalsiyam da bitamin A da C. Akwai kuma harza da wasu sinadarai da ke rage saurin shigar sukari cikin jini bayan cin abinci.

A wani nazari da aka wallafa a shekarar 2018, masu bincike daga Italiya sun gwada garin zogale a sansanonin 'yan gudun hijirar Sahrawi da ke Aljeriya. Da aka zuba giram 20 a abincin masu ciwon sukari, hauhawar sukarinsu bayan cin abinci ta ragu. Mutanen da aka gwada kaɗan ne.

Zogale ba ya maye gurbin magungunan ciwon sukari irin su metformin ko insulin, kuma haɗa shi da su na iya sauke sukari fiye da kima. Ya kamata mai ciwon ya nemi shawarar likita, misali a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. Mai juna biyu ta guji saiwar bishiyar da ɓawonta.