Korar baƙi da hujjar tsaro: me kotu za ta iya yi?

Tun da aka rufe iyakar Nijar da Benin bayan juyin mulkin Yulin 2023, sannan Nijar ta fice daga CEDEAO a Janairun 2025, maganar takardun zama ta ƙara nauyi ga mazauna unguwanni irin Zangon Kwatano. Tambayar ita ce: idan gwamnati ta fake da yaƙi ko tsaro ta ce mutum baƙo ne, ya tattara ya fita, kotu za ta iya tare masa? Tarihi ya nuna za ta iya, amma sai in an saurari mutum kafin a kai shi bakin iyaka.

Shari'ar Zangon Kumasi

A 1957, watanni kaɗan bayan samun 'yancin kan Ghana, majalisar ƙasar ta yi dokar da ta ba gwamnatin Kwame Nkrumah ikon korar duk baƙon da take ganin zamansa ba alheri ba ne ga jama'a. Cikin waɗanda dokar ta fara hawa kansu akwai Alhaji Amadu Baba, Sarkin Zangon Kumasi, da Alhaji Othman Larden, jigogin jam'iyyar Musulmi ta MAP mai adawa da gwamnati.

Mutanen biyu sun garzaya kotu suna cewa su haifaffun ƙasar ne, don haka dokar baƙi ba ta shafe su ba. Ana cikin shari'a, a watan Agusta, majalisa ta zartar da wata doka ta musamman mai ɗauke da sunayensu, wadda ta ba minista ikon korarsu, ta kuma kashe ƙarar. Aka fitar da su zuwa Najeriya ba tare da alƙali ya yanke ko 'yan ƙasa ne ba.

A 1958 aka sake kwatawa. An kori Wahabi Balogun da wasu mutum uku alhali ƙararsu tana gaban kotu. Alƙali ya sami ministan cikin gida Krobo Edusei da shugaban 'yan sanda da laifin raina kotu, sai majalisa ta yi dokar da ta wanke su.

Shari'ar Shugaba Darman

A Najeriya sakamakon ya bambanta. A Janairun 1980 gwamnatin Shehu Shagari ta kori Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin Jihar Borno kuma ɗan jam'iyyar GNPP, zuwa Chadi, bisa zargin ba ɗan Najeriya ba ne. Babbar Kotun Maiduguri ta soke korar, ta tabbatar masa da zama ɗan ƙasa, ta kuma ce a biya shi diyya. Kotun ɗaukaka ƙara ta goyi bayan soke korar. Abin da ya cece shi shi ne shaidar asali da aka gabatar, da kuma tsarin mulkin 1979 wanda ya haramta korar ɗan ƙasa.

Dokar yaƙi a Amurka

Amurka tana da doka tun 1798 wadda ta ba shugaban ƙasa ikon tsarewa da korar 'yan ƙasar da ake yaƙi da ita, ko wadda ta kawo mamaya. Sau uku aka yi aiki da ita a baya: yaƙin 1812 da yaƙe-yaƙen duniya biyu. A Maris 2025 Donald Trump ya farfaɗo da ita a kan 'yan Venezuela da ake zargi da shiga ƙungiyar Tren de Aragua, aka kwashe fiye da 130 zuwa kurkuku a El Salvador, duk da alƙali James Boasberg ya ce jiragen su juyo. Ranar 7 ga Afrilu Kotun Ƙoli ta ce dole a sanar da mutum a ba shi damar kai ƙara. Ranar 16 ga Mayu ta ƙara da cewa sanarwar kusan awa 24 ba ta isa ba.

Matsayin doka a Benin

Sashe na 39 na tsarin mulkin 1990 ya ba baƙi haƙƙoƙi irin na 'yan ƙasa, bisa sharuɗɗan doka. Sashe na 7 kuma ya shigar da Yarjejeniyar Afirka ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam cikin tsarin mulkin. Sashe na 12 na yarjejeniyar ya ce baƙon da ya shigo bisa ƙa'ida ba a korarsa sai da hukuncin da ya bi doka, ya kuma haramta korar jama'a a dunƙule saboda ƙasarsu, ƙabila ko addini.

Bayan kotunan cikin gida, mutum na iya kai ƙarar Benin gaban kotun CEDEAO da ke Abuja kai tsaye. Ƙofar kotun Afirka da ke Arusha kuwa a rufe take ga ɗaiɗaikun mutane, tun da Benin ta janye amincewarta a 2020.

A Kumasi da Maiduguri duka, gardamar ta tsaya ne a kan asali: ina aka haifi mutum, ina aka haifi iyayensa. Iyalai da yawa na zango sun shekara aru-aru a inda suke, amma shaidarsu a baki take. Takardar haihuwa da katin shaida, ko katin zama ga wanda baƙo ne, su ne abin da lauya zai fara nema, kuma lokacin nemansu shi ne tun ana zaman lafiya.